Ɗakuna Huɗu a Bakin Hanya

Kango ɗaya mijin Sakinatu ya mutu ya bar mata a Bagudo, a bakin hanyar da fataken Dahome ke bi. A shekarar da aka sami 'yancin kai, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Bolanle, ta tsaya a ƙofar kangon ta yi sallama.

"Ke kina da fili, ni ina da halin kawo kwanon rufi," in ji ta da karyayyiyar Hausarta. "Mu gina ɗakuna huɗu na saukar fatake. Biyu naki, biyu nawa."

Ango, ƙanen Sakinatu, ya ji maganar ya dafe kai.

"Yaya, ko sunan ubanta kin sani? Matar da ta sauko daga kwalekwale makon jiya?"

"Ita ma ba ta san nawa ba," Sakinatu ta amsa.

Aka je gaban mai unguwa. Bolanle ta kawo takarda da rubutun boko, Sakinatu ta ce sai an yi wata da ajami. Kowacce ta dangwala yatsa a kan rubutun da ba ta iya karantawa.

Sakinatu ta sa aka rushe kangon, har da ɗakin da take kwana, ta koma raɓe a gidan Ango. Bango ya tashi. Bolanle ta shiga jirgin ruwa zuwa kudu don sayo kwanon rufi, ta ce mako uku za ta yi.

Wata biyu suka wuce. Ruwan farko ya sauka a kan ginin da ba rufi, na uku ya kwantar da bangon gabas. Mata a bakin rijiya suka riƙa yin shiru in Sakinatu ta iso. Sakinatu kuwa kullum da safe sai ta je ta lulluɓe sauran bangon da zana.

Ranar wata kasuwa sai ga jakuna uku ɗauke da kwano, Bolanle na biye, ta rame, kanta a aske.

"Maigidana ya rasu," ta ce. "Sai da na gama zaman makoki suka bar ni na fito."

Sakinatu ta yi mata gaisuwa, ta ba ta ruwa. Bolanle ta daɗe tana kallon bangon da ya zube.

"'Yar'uwa, ɓangaren wa ya faɗi? Nawa ko naki?"

Sakinatu ta sunkuya ta fara kwance igiyar jakin farko.

"Ai ba mu raba ba tukuna," ta ce.