Saniyar Usumanu

Da safe a teburin mai shayi na Tudun Wada, gardamar fim ɗin jiya ake yi, wanda jaruminsa ke tashi sama da mayafi a kafaɗa.

"Wannan bos ɗin bai cika bos ba," in ji Gwadabe tela. "Mugu a fim sai da tabo a fuska da dariya mai firgita yara. Shi kuwa sai murmushi, kamar mai neman aure!"

Aka kwashe da dariya, ban da Usumanu. Shekaranjiya ya je rugarsu a bayan Naraguta ya tarar babu saniyarsa. Ita kaɗai ta rage a zuriyar wadda marigayiya innarsa ta ba shi ranar sunansa. Wansa Hammawa ne ya sayar wa mahauta, ko shawara bai yi da shi ba.

"Mai tabo ai sauƙi gare shi, Malam Gwadabe," in ji Usumanu. "Ka tsane shi, a kashe shi, ka tafa, ka koma gida."

Sai ga Hammawa. Ya zauna kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa.

"Haba ƙanena, saki fuskarka. Ta tsufa, kuma keken ɗinki na saya maka da kuɗin. Don kai na yi."

Usumanu ya kwana yana shirya maganar da za ta raba su har abada. Ya dubi hannun da ya riƙe shi tun rasuwar Inna, ya laluba ƙiyayyar a zuciyarsa ya rasa.

"Na gode, Hamma," ya ce, ya sunkuyar da kai.