Malam Ya Ƙirga Huluna

Malam bai taɓa ɓatar da ɗan kowa ba. Wannan ita ce taƙamarsa, kuma ba ya gajiya da faɗinta. Tun yana saurayi yake koyarwa a firamare, duk shekara shi ake ɗora wa fita da yara yawon buɗe ido. Ya kai su masana'anta, ya kai su filin jirgi, ya dawo da su cif ya damƙa wa iyayensu. Dabararsa guda ce: kowane yaro a kafa masa hula rawaya, irin hana-sallar nan, a kowace ƙofa kuma a tsaya a ƙirga huluna. Fuska, in ji shi, tana ruɗa mutum a cikin taro, hula kuwa daga nesa ake hango ta.

Don haka da tsohuwar matarsa ta yarda, bayan an kai ruwa rana, ta ba shi 'ya'yansa uku ya kai su babban birni hutu, abin da ya fara saya huluna ne.

Ba don ganin gari ya shirya tafiyar ba, ko da yake haka ya gaya wa kowa. Babbar 'yarsa, wadda ƙannenta ke kira Yaya, za ta shiga babbar sakandare, uwar kuma ta ce ta bar wa yarinyar zaɓi: ko ta ci gaba da zama a gidan mijin uwarta, ko ta koma garin ubanta ta yi karatu a can. Malam ya riga ya kwashe tarkacen da ke ɗakin kusa da nasa, ya sa an yi fenti. Ya gaji da cin abinci shi kaɗai yana kallon bango. Yana son yarinyar nan, so na gaske, sai dai Allah bai nuna masa wata hanyar nuna so ba sai ta tsari da ƙa'ida. Ya ƙudura a ransa cewa kafin su bar birnin nan sai ta gane shi uba ne da za a iya jingina da shi.

Masaukinsu ɗaki ɗaya ne mai gadaje biyu da katifa a ƙasa, tagarsa na kallon bayan wani dogon bene inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga ba dare ba rana. A nan ya jera su da safe ya raba hulunan.

"Baba, har da ni?" in ji Yaya, ta riƙe tata da yatsu biyu kamar tsumman goge ƙasa.

"Har da ke, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Na yi girma da wannan fa."

"A cikin taro babu babba. Ɗora a kan ɗankwalin."

Ta ɗora. Na tsakiyan, wanda aka laƙaba wa Injiniya saboda babu rediyon da ya tsira daga hannunsa, ya juya tasa baya, Malam ya gyara masa ita gaba. Auta kuwa hular ta sauko masa har karan hanci. Shi wannan yana kan nono aka rabu, bai san uban ba sai a ziyara jefi-jefi, shi ya sa ko magana ba ya yi masa kai tsaye. Sai ya ja gyalen yayarsa ya ce, "Yaya, ki ce masa ina jin fitsari."

Birnin bai san da zuwansu ba, bai kuma damu ba. Motoci na gunji, mutane na bangaje juna ba mai cewa sannu, Malam na gaba da jar hularsa yana ɗaga hannu sama kamar mai jan ayari. A gidan tarihi ya tsayar da su gaban kowane gilashi ya karanta musu bayani da ƙarfi, da suka fito kuma ya yi musu tambayoyi. A wani katafaren kanti Injiniya ya ga matakala mai tafiya da kanta, ya roƙi a sake hawa sau ɗaya tak, Malam ya ce ba ta cikin tsari. Yaya ce ke ɗauke da gorar ruwa, ita ke share wa Auta majina, ita ta san ba ya cin ƙwai, ita ta gane ya gaji tun kafin ya fara ƙunƙuni. Malam bai ga ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ya gani shi ne a kowace ƙofa huluna uku ne, kuma ransa ya yi fari.

Sau biyu yana ɗauko zancen makaranta. Ya ce ta garinsu tana da ɗakin gwaje-gwaje, ya ce shugabar tsohuwar ɗalibarsa ce. Yaya ta ce, "To, Baba." Ya tambaye ta to ɗin na mene ne, ta ce tana tunani.

Sai ranar gidan namun daji abu ya so ya gyaru. Malam ya tsaya jikin shinge yana bayani a kan wuyan raƙumin dawa, ya ba dabbar baya, ita kuwa ta sunkuyo a hankali ta busa masa numfashi a ƙeya. Ya daka tsalle ya yi salati, tabaransa ya faɗi cikin ƙura. Yaran suka fashe da dariya, Yaya har da hawaye. Ita ta ɗauko tabaran, ta goge da bakin gyalenta, ta sa masa da hannunta. Rabon da ta taɓa fuskarsa tun tana rarrafe.

Da suka nufi ƙofar fita ta jera da shi ta ce, ƙasa-ƙasa, "Baba, ɗakin nan da ka ce, yana da taga?"

"Babba ma kuwa. Tana kallon bishiyar lemo."

Malam ji ya yi kamar an sauke masa buhu daga kai. Tun daga nan har tashar jirgin ƙasa na cikin gari ƙafarsa kawai ke tafiya, hankalinsa na can yana zaɓen labule.

Tashar ta cika ta batse. Ma'aikata sun tashi, 'yan yawo na komawa gida, ga wata makaranta ta fito da yaranta suna ta hayaniya a bakin dandamali. Jirgi ya tsaya, ƙofofi suka buɗe, taro ya yi ciki kamar ruwa ya ɓalle. Malam ya yi abin da ya fi iyawa a duniya: ya tsaya bakin ƙofa, ya dafa hula, ɗaya, ya dafa hula, biyu, ya dafa ƙaramar, uku, ya tura su ciki ya bi baya. Ƙofa ta rufe.

Cunkoso ya jefa Yaya da Injiniya can gefe, yana hango hulunansu ta saman kafaɗun mutane. Ƙaramin yana jikin ƙafarsa. Ya kama hannunsa gam, ya ce, "Tsaya nan, kada ka motsa," da muryar da babu yaron da ya taɓa yi wa gardama. Yaro ya tsaya. Daɗi ya sa Malam ya ciro biskit daga aljihu ya ba shi, abin da ba ya cikin tsari. Da yaron ya ɓata baki da gari, ya sunkuya ya ɗaga masa haɓa ya goge masa da hankici.

A tasha ta biyu mutane suka ragu. Yaya ta kutso, ta leƙa bayansa, ta leƙa ɗaya gefen.

"Baba, ina Auta?"

"Ga shi kuwa."

Kafin ta buɗe baki wata matashiyar malama ta taso daga ƙarshen taragon, bayanta yara reras da huluna rawaya, ta fizge hannun yaron. "Bawan Allah, sakar mini ɗalibi! Tun ɗazu nake nemansa."

Malam ya dubi yaron. Abin da ba zai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ko a lokacin sai da ya ƙara dubawa kafin ya tabbata.

Yadda suka sauka, suka haura gada, suka jira jirgin komawa, duk bai san an yi ba. Injiniya na kuka, Yaya kuwa ta cire hularta ta dunƙule a hannu. A tashar farko suka bi dandamalin daga wannan kai zuwa wancan suna kira, har wani mai shara ya nuna musu wata ƙofa kusa da wurin sayar da tikiti.

Ƙaramin ofis ne, benci ɗaya, fanka na juyawa a kasale, allunan kyamara a bango. Auta na zaune kan bencin da kofin ruwa, ba hula a kansa, idanunsa sun kumbura. Yana ganin Yaya ya zubar da ruwan ya ruga ya cusa kai cikin gyalenta. Malam ya miƙa hannu, ma'aikaciyar da ke bayan tebur ta tare shi.

"Dakata, Malam. Kai ne wa?"

"Mahaifinsa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Yaron ya ce babansa mai kanti ne, yana da gemu."

Mijin uwar ke nan. Malam ya ce shi ya haife shi, ga katinsa na aiki. Ta ce kati ba ya nuna ɗa, ita kuma ba ta sakin yaro sai ta gamsu. Malam bai iya jin haushinta ba, don shi ma da haka zai yi.

"Yaushe aka haife shi?"

Ya faɗi shekarar. Watan ya tsaya masa tsakanin biyu.

"Yana da wata alama a jiki?"

Malam zai iya lissafa mata 'yan ajinsa daga bencin gaba har na baya, da mai bahagon hannu da mai in'ina, amma a jikin ɗansa bai san alama ko ɗaya ba.

"Akwai tabon ɗinki a bayan kunnensa na hagu," in ji Yaya. "Daga kan keke ya faɗo, bara." Ta faɗi rana da watan haihuwarsa, ta lanƙwasa kunnen ta nuna. Malam ya leƙa tare da ma'aikaciyar. Yau ya fara ganin tabon, yau ya fara jin labarin keken.

Ma'aikaciyar ta durƙusa gaban Auta ta nuna Malam. "Ɗan ƙanena, wannan wane ne?"

Auta ya leƙo da ido ɗaya. "Shi ne ya ba mu hula."

Yaya ce ta yi bayanin sauran, a taƙaice, kamar wadda ta saba yi wa mutane bayanin gidansu. Aka sake su.

A waje suka zauna kan wani dakali, rana ta yi sanyi, jirage na wucewa ƙarƙashinsu ƙasa na rawa. Auta ya yi barci a cinyar yayarsa. Malam ya daɗe yana murza jar hularsa, sannan ya fara abin da bai kamata ya fara ba. Ya ce laifin makarantar nan ne, wane irin rashin tsari ne a saki yara cikin jama'a ba igiya. Ya ce a irin wannan cunkoso kowa ma zai iya ruɗewa.

"Baba, ina kallonka fa," in ji Yaya. Ba ta ɗaga murya ba. "Na ga ka riƙe masa hannu. Na ga ka ba shi biskit, ka ɗaga fuskarsa ka goge masa baki. Na ɗauka Auta yana ɗaya gefenka, wannan ɗan wani ne ka tausaya wa. Wallahi har daɗi na ji. Na ce ashe Baba yana son yara."

Ta ci gaba:

"Ba zan gaya wa Umma ba. Injiniya ma ba zai faɗa ba, Auta kuma ni na san yadda zan yi da shi. In ta ji, ba za ka ƙara ganinsu ba, ni kuma ba na son haka." Ta gyara wa yaron kwanciya. "Amma zancen komawata wajenka karatu, Baba, don Allah a bar shi. Kada ka sake tambayata."

"Uwata..."

"Ka yi haƙuri."

Haƙurin da ta ba shi ya fi komai ciwo. Da zaginsa ta yi, da ya san inda zai kama. Wannan kuwa magana ce ta wadda ta auna ta gama, ta rufe, kuma tana tausayinsa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Uwar yaran ce, ta saba kira da yamma. Ya zuba wa wayar ido ya kasa ɗauka. Yaya ta karɓa daga hannunsa, ta gyara murya, ta sa fara'ar da bai san tana da ita ba.

"Lafiya lau, Umma. Mun je gidan namun daji, mun ga raƙumin dawa. Auta ya gaji ne, ya yi barci. A'a, babu komai. Baba yana kula da mu sosai."

Ta saurara kaɗan, sannan ta miƙo masa.

"Umma tana son ta yi maka godiya."

Malam ya karɓa, ya kara a kunne, ya saurari godiyar har ƙarshe.