Babur ɗin Baba Nelson

Elias ya san motarsa kamar yunwar cikinsa. Tsohuwar Fijo ce, a-kori-kura, da ita yake ci da iyalinsa a Sabon Gari, kuma bai taɓa yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ba. Amma ranar nan ba kayan 'yan kasuwa ya zo ɗauka ba. Surukinsa ne, Baba Nelson, ya yi ritaya, zai tashi daga Samaru ya koma Jushi.

Kafin rana ta yi tsaka an cika bayan motar da buhunan masara da katifu. Aka ɗaura mata wata 'yar tirela ta aro, aka ɗora injin niƙa a kai. Elias ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Sifirin, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke riƙe nauyi a kan tayoyin baya, ya riga ya miƙe sambal, don wuyan tirela a kan gindin mota yake sauke nauyinsa. Wannan kam, ko kaza aka ƙara an yi zalunci.

Sai ga Baba Nelson ya turo babur ɗinsa.

"A ɗora wannan a sama."

"Baba, da an bar shi, in dawo in ɗauka da yamma."

"Sawu biyu saboda babur? Haba, ɗana."

Elias ya dubi matarsa Susanna. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zani, kamar ba ubanta ke magana ba. To, wa ya isa ya yi musu da wanda ya ba shi 'ya, a gaban maƙwabta kuma? Da hannunsa ya kama aka ɗaga babur ɗin, da hannunsa ya ɗaure.

Tafiyar hawainiya suka yi. Gaban motar ya ɗaga sama, sitiyari sai yawo yake a hannunsa, Baba na gefe yana ba shi labarin abokan aiki. Suka wuce Kwangila lafiya. A wajen tsallaka layin dogo ne aka ji ƙas! Gindin motar ya zauna daɓas a kan kwalta.

Elias ya shiga ƙarƙashi, ya ga ƙashin bayan motar ya rabe biyu, irin karayar da ko an yi walda ba za ta sake ɗaukar kaya ba. Ya fito ya zauna a bakin titi.

Baba Nelson ya zagaya, ya shafa tankin babur, ya duba madubi. "Mun gode wa Ubangiji, ko ƙwarzane babu," in ji shi. Ya juya ga mutanen da suka taru. "Dama na sha gaya wa 'yata, motar nan gwangwani ce. Elias, taso ka sauko min da shi."

Ya taso, ya kwance, ya sauko da shi. Bugu ɗaya tsohon ya yi, babur ya tashi.

"Ku kula da masarar," ya ce. "Bari in je tasha in nemo motar kirki."