Fuskar da Na Yi wa Inna

Jiya da dare, jajibirin bikin autarmu Safara'u, na yi wani mafarki da ban ba kowa labarinsa a gidan biki ba, don na san dariya za a yi mini. Ni Lantana, kwalliyar amare ce sana'ata a Gwagwalada, kuma duk wanda ya san garin nan a farkon damina ya san da abin da nake fama. Zafin ba mai ƙuna ba ne, mai danƙo ne, kana fitowa daga wanka kana neman wani wankan. Sai in ɓata safiya guda ina zana fuska, kafin amarya ta kai bakin mota girarta ta gangaro kumatu. An ɗauke wuta tun magariba, na kwanta a tabarma da akwatin kwalliyata kusa da kaina, ina tunanin yadda fuskar Safara'u za ta kai la'asar ba ta zube ba.

Sai ga ni a tsakiyar wata kasuwa da rana tsaka, akwatin a hannuna. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi. Daga goshin mutane da wuyansu yake fitowa ɗigo-ɗigo, ya haura sama a hankali, ɗauke da hoda da jan-baki. Kowa ya kifa faranti a saman kansa don ya tare abin da ke barin fuskarsa. Da na ɗaga kai na ga gajimaren cike yake da gira da hanci da leɓɓa, har da idanu, kuma idanun ƙasa suke kallo. Ban ƙara ɗaga kai ba.

Wata mai sayar da tumatir ta ce, "Ke ce baƙuwar? Ana jiranki a ofis." Tana magana idonta na hagu ya tashi. Ta bi shi da ɗayan har ya ɓace, sannan ta ci gaba da kasa tumatirinta.

A ofishin fanka tana tsaye cak, ɗakin ne ke juyawa. Wata farar akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana taunar bakin labule.

"Lantana mai kwalliya?"

"Ni ce, ranki ya daɗe." Ban san dalilin da ya sa na ce haka ba, amma na ga ta ji daɗi.

"Akwai wata da ta nemi izinin zuwa biki, mun ba ta. Sai dai masu zuwa daga can ba sa zuwa da fuska. Ke za ki yi mata. In wani a gidan bikin ya gane ta, ya kira ta kafin la'asar, za ta zauna ta ci abinci kamar kowa. In fuskar ta riga ta narke ta hau sama, shi ke nan, ko a zuci ba mai ƙara ganinta."

"Wace ce?"

"Ni akuya ce, ba na tambayar suna," in ji ta, ta koma kan labulenta.

Matar tana zaune a benci a baranda, da koren zane da mayafi, hannuwanta a kan gwiwa. Inda fuska ya kamata ta kasance sumul yake kamar bayan ƙwarya. Na tsaya na kasa matsawa.

"Ke wannan, kallo kika zo yi?"

Duk duniya mutum ɗaya ce ke kirana da "ke wannan". Ni ce 'yar fari, kuma har Inna ta koma ga Allah bara waccan bakinta bai taɓa furta sunana ba. Na durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Yi sauri, zafi ake yi."

Na buɗe akwati, na ɗauki jagira, sai hannuna ya tsaya. Ban san fuskar ba. Na san kaushin da ke dugaduginta na dama, na san tabon man ƙosai a tsintsiyar hannunta, na san bayan wuyanta in ta sunkuya a murhu. Amma kunyar ɗan fari ce tsakaninmu, ita ta yi wa bango magana, ni in amsa wa ƙasa. Safara'u ce ke hawa cinyarta tana jan hancinta, ni kuwa ko ido muka haɗa sai kowacce ta kawar da kai. Hotonta ɗaya da muke da shi, danshin damina ya manne shi da gilashi, da aka ɓamɓare sai fuskar ta bi gilashin. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, ga kunya a kai: matar da ke ci da fuskokin mutane ba ta san ta uwarta ba.

Na ce ta jira ni in samo ƙanƙara. Ban gama rufe baki ba sai ga ni a gaban wani shagon gilashi, sanyi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsa. Wani bunsuru cikin kwat ya ɗago mini wata 'yar kwalba.

"Fesawa ɗaya, Hajiya, fuska ta tsaya har tashin duniya. Ba gumi, ba maiƙo."

"Da me ake biya?"

"Da muryar nan da kike ji a kanki in kin tuna da ita. Ai ba ki amfani da ita sosai."

Raina ya ɓaci. Na ce masa kayansa na masu abu da yawa ne, ni wannan kaɗai ta rage mini. Ya yi dariya irin tasu. A gefen shagon wani tsoho na zaune da buhun ƙanƙara, shi bai nemi komai ba sai aron inuwata, wai zai lulluɓe buhun. Na sunkuya na ɓare ta daga ƙafata na miƙa masa. Ya ninke ta da kyau, ya ba ni dunƙule guda a leda.

Na yi aikin yadda nake yi wa amaren da ba su da halin kayan tsada. Na naɗe ƙanƙarar a hankici na bi goshi da kumatu da wuya har fatar ta yi sanyi ta kame. Na shafa hodar ruwa kaɗan-kaɗan, ina jira ta bushe kafin in ƙara, don mai kauri ita ke fara zubewa. Na danna farar hodar jarirai a goshi da gefen hanci, na bar ta ta sha maiƙo, sannan na kakkaɓe. Tunda kaina bai san abin da zai zana ba, hannuna ya zana abin da ya saba: dogon hanci, gira mai lanƙwasa, leɓe cike. Na zana idanu, suka buɗe. Na miƙa mata madubi.

"Ke wannan, wace ce wannan?"

"Haka ake yi yanzu, Inna."

"To. Kyakkyawa ce. Allah ya sa 'yar mutunci ce."

Muka kama hanya. In mun yi sauri sai hanyar ta ƙara tsawo, don haka muka tafi a hankali. Ni da baya nake tafiya, ina yi mata fifita da murfin akwati, ranar kuwa ta same ni ba inuwa, ta yi yadda ta ga dama da ni. Duk inda gumi ya tsattsafo a fuskar Inna sai in danna tishu in ɗaga. A bakin hanya mata ne zaune jere, kowacce da fankekenta, suna ta lafta hoda a kan gumi, fuskokin na tsagewa suna tashi sama gutsure-gutsure. Abin ya ba ni haushi, don ko a farke ba na iya ganin wannan in yi shiru.

Na ce wa ɗaya, "Baiwar Allah, dannawa ake yi, ba a gogewa. Kuma ba a ƙara hoda a kan gumi."

"Na gode, 'yar'uwa," in ji bakinta, wanda ya riga ya wuce saman kanta.

Inna ba ta kalle ni ba, ko da sababbin idanun. Wata bishiya ta kalla ta ce, "Wasu sun rame. Ko ba sa cin abinci ne?" Na amsa wa ƙasa na ce suna ci.

Gidan bikin rumfa ce babba da fararen kujerun roba. Makaɗa na dukan ganguna da ƙarfi, amma ba abin da ke fitowa. Muna shiga duk matan wurin suka juyo lokaci guda, sai na ga fuska ɗaya ce da su, dogon hanci, gira mai lanƙwasa, leɓe cike. Amarena ne, duk waɗanda na taɓa yi wa kwalliya.

"Sannu da zuwa, Anti Lantana," suka faɗa da murya ɗaya.

Inna ta ratsa tsakiyarsu, ba wadda ta gyara mata kujera, don ba ta da bambanci da su. A can tsakiya Safara'u na zaune cikin leshi, ita ma da fuskar. Na jawo Inna har gabanta. Safara'u ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Daga dangin ango ne?"

Inna ta juya kai. Ta duba dama, ta duba hagu, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wa sandar rumfa, "Ina autata? Ba a kawo ni inda take ba."

Wannan maganar ta karya mini zuciya. Ga uwa ga 'ya, numfashin ɗaya na taɓa ɗaya, kuma hannuna ne ya ɓoye su ga juna. Daga nesa ladan ya yi gyaran murya a lasifika. Girar Inna ta dama ta ɗaga, ta bar goshin. Na lalubi tishu, ya ƙare. Na lalubi ƙanƙara, ruwa ne a leda, shi ma yana neman hanyar sama. Hancin ya bi girar. Na sa tafin hannu ina tarewa, kwalliyar na bi ta tsakanin yatsuna, ina cewa, "Inna, tsaya, don Allah ki tsaya," kamar ita ce ke tafiya da kanta.

Zafin bai bar Safara'u ba ita ma. Hodar da ke ƙarƙashin idonta na hagu ta ɓare ta tashi, sai wani baƙin ɗigo ya bayyana, tawadar Allah da aka haife ta da ita. Duk satin nan ta dame ni a kan in rufe mata ita ranar biki, wai tana ɓata hoto. Hannuna ya tafi kan soson hoda da kansa, ya dangwalo, ya nufi wurin. Saura kaɗan ya taɓa na riƙe shi da ɗaya hannun.

Sau ɗaya na taɓa kallon fuskar Inna sosai, ranar da aka ɗaga mini mayafi in yi mata addu'a kafin a fita da ita. Hawaye bai bar ni na ga komai ba a ranar, sai ɗigo ɗaya baƙi a ƙarƙashin idon hagu.

Na zazzage akwatin a ƙasa. A can ƙarƙashi tsohon tandun kwallin Inna yake, wanda ban taɓa sa wa amarya ba don kar a ce ni 'yar ƙauye ce. Lokacin fuskar Inna ta koma sumul, idanun ma sun tafi, ladan ya ja numfashi. Na dangwali kwallin na ɗiga shi a inda ya kamata. Na jira ya tashi. Bai tashi ba.

Safara'u ta miƙe tsaye a hankali, leshin na zamewa daga kafaɗarta. Ta kai yatsa ƙarƙashin idonta, ta kai shi kan ɗigon kwallin. Bakinta ya buɗe.

"In..."

Sai ƙwam, ƙwam, ƙwam, ana buga ƙofar ɗakina da gindin kula. Gari ya waye, rigata ta jiƙe sharkaf, fanka na tsaye inda take, ɗakin ma haka.

"Yaya! Yaya, ki tashi mana, ƙanƙarar da kika sa a sayo narkewa take yi!"

Na buɗe. Safara'u ce, da lalle a hannu da kula a ƙugu, fuskarta ba ko hoda. Ta nuna ƙarƙashin idonta da ɗan yatsa ta ce, "Kuma don Allah kar ki manta da wannan abin, ki rufe shi ruf."

Na ce ta matso kusa da taga. Na riƙe haɓarta na daɗe ina kallo, har ta tsargu ta ce lafiya kuwa. Na ce mata lafiya lau, sai dai hodar da ke rufe irin wannan ta ƙare, kuma a zafin nan ko an rufe fitowa zai yi. Ta tura baki ta wuce tana ƙunƙuni. Hodar tana cikin akwati, ko buɗe ta ban taɓa yi ba.