Injin Rake a Motar Gyaɗa

Injin matse rake guda ɗaya, cikin akwatinsa, tan huɗu. Garwar man inji shida. Gishiri buhu goma sha biyu. Kwanon rufi bandir uku. Gadon ƙarfe ɗaya. Keke biyu. Rago huɗu. Mutum goma sha tara, har da ni.

Abin da motar ke ɗauke da shi ke nan, ranar wata Alhamis a ƙarshen daminar 1962. Na farkon kaɗai aka rubuta a takardar kayan da ke hannuna. Sauran a tashar jirgin Zariya suka hau, wasu kuma a hanya.

Mun bar ƙasar Kudan a baya, muna gab da Nasarawan Doya, sai na ji katako ya yi ƙara a bayanmu. Sau ɗaya, kamar an karya rake a gwiwa.

Na ce, "Tanko, tsaya."

Tanko direba bai dube ni ba. Ya leƙa ta gabana ya dubi mai motar, Baffa Maiwada, ƙanen mahaifina, wanda ke zaune ta bakin ƙofa yana cin goro.

Baffa ya ce, "Tafi abinka. Katako ne ke gaisawa da ɗan'uwansa."

Muka ci gaba.

Injin ba na Baffa ba ne, ba kuma nawa ba. Na manoman raken Saulawa ta ƙasar Ikara ne, mutum ɗari da arba'in da suka kafa ƙungiya suka naɗa Baffa shugaba. Kafin su iya sayensa sai da suka sayar da dawakan da ke juya musu tsoffin injinan mazarƙwaila. Yanzu babu dawaki, rake kuma ya nuna a fadama, saura mako uku a fara sara. In wani abu ya tsage a injin nan, madadinsa sai ya yi wata biyar a jirgin ruwa. Ni ne na zaɓo shi, domin shekara biyar na yi a Ingila ina koyon aikin injuna, kuma Baffa ne ya tsaya mini har na tafi.

Tun makon da ya wuce na gaya masa irin motar da ake bukata. Tirela mai gajeren gado, irin wadda masu aikin hanya ke ɗaukar katafila da ita: ƙasanta ƙarfe, tayoyinta da yawa, kaya ya zauna kusa da ƙasa, a ɗaure shi da sarƙa. Na je na samo guda. Masu ita sun ce sai Litinin za ta sami sarari. Shi kuwa Baffa ya riga ya gayyaci jama'a ranar Juma'a, ya kira makaɗa, ya aika wa manya goro.

A tasha, da safen nan, ya zagaya akwatin sau biyu, ya ce, "Zainulabidin, injin nan naka buhu nawa ne?"

"Ba a buhu ake auna shi ba, Baffa."

"Kome a buhu ake auna shi. Tan nawa?"

"Huɗu."

"Buhun gyaɗa sha uku tan guda. Hamsin da biyu ke nan. Motata casa'in take ɗauka, shekara shida, ba ta taɓa tari ba. Ka ga har da sauran wuri."

Sauran wurin ne ya cika da gishiri da raguna da dangi. Mota mai zuwa gida ba ta wuce na gida a bakin hanya, kowa ya san wannan. Ƙugiyar tasha ta ɗaga akwatin ta dire shi a kan daɓen katako, aka ɗaure shi da igiyar rama. Ya fi bodin motar tsawo da kamu uku. Na yi magana, na sake yi. Masu dako suka yi ta dariya suna cewa Bature ya ga mota yana jin tsoro. Na shiga motar ne don kada in bar injin shi kaɗai a hannunsu.

Ƙara ta biyu ta zo ne a daidai ƙofar Nasarawan Doya. Wannan karon motar ta karkata hagu, ba ta dawo ba. Mata suka sa salati a baya. Tanko ya taka birki ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na sauka na shiga ƙarƙashi. Ƙafa huɗu akwatin yake da su, ta baya ta hagu ta fasa katako biyu ta leƙo ƙasa, tana zaune a kan ƙarfe guda na gicciye, shi ma ya lanƙwashe kamar baka. Sifirin wannan gefen ya miƙe sarai. Na fito na hau sama. Igiya ɗaya ta tsinke. Akwatin ya jingina da bodi, kuma a ɗan tsakanin da ya rage Goggo Lantana ce zaune, yayar mahaifina, da ƙullin kayanta a cinya. Tafin hannu biyu ne tsakanin kafaɗarta da tan huɗu.

Na ce, "Kowa ya sauka."

Baffa ya zagayo yana gyara babbar riga. "Wa ya ce a sauka? Tanko, sa jak, a cusa itace a ƙarƙashi. Kafin la'asar muna Ikara."

"Baffa, akwai gangaren rafi a gaba, da gadar azara."

"Na san da ita tun ba a haife ka ba. Da buhu casa'in nake hawanta."

"Buhu casa'in kwance suke, kowane katako ya ɗauki rabonsa. Wannan a tsaye yake, a kan ƙafa huɗu, nauyinsa a sama. Da motar ta sunkuya a gangaren nan zai biyo ta gefe."

"Nauyi nauyi ne, Ɗan Ingila. Ko a can tan ɗinsu daban yake?"

Mutanen gari sun fara taruwa. Wani mai tallan rake ya ce, "Alhaji, ai boko ne. In ya yi yawa sai mutum ya ga kura a cikin akurki." Aka yi dariya. Shekara biyar na yi ina shan sanyi ina cin dankali marar gishiri don in san abin da na sani, ga shi mai tallan rake na yi mini gyara.

Aka sauko da Goggo Lantana. Ta tsaya tana karkaɗe zane, ta dubi akwatin, ta dubi inda ta tashi.

"Maiwada."

"Na'am, Yaya."

"Faifai yana ɗaukar gero mudu nawa?"

"Yaya, wannan ba maganar mata ba ce."

"Da aka cusa ni kusa da shi ai maganar mata ce. Faifaina na ɗaukar mudu uku, in kai shi har tsakar gida. Ka taɓa ganin na ɗora masa ɗan dutsen niƙa? Ai bai kai mudu ukun nauyi ba. Amma ta tsakiya zai fice."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya tofar da goro.

"Allah ne ke kiyayewa, ba tirela ba."

Na ce, "Shi ne ya kiyaye har nan, Baffa. Ya kuma ba mu ƙara biyu. Ban san ko akwai ta uku ba."

Ya matso kusa da ni, ya rage murya, don shi ba ya faɗa a gaban mutane. "Gobe manya za su zauna a rumfa. Me zan nuna musu? Fili? Ka san abin da za a ce? Maiwada ya tara jama'a, ɗan da ya kai makaranta ya tsare masa kaya a hanya kamar ɗan sanda."

"A ce an ɗaga zuwa Talata."

"A bakinka abu ne mai sauƙi. Ba kai ka aika goro ba."

"In ya faɗa rafi, me za ka nuna wa mutum ɗari da arba'in? Dawakansu sun tafi."

"Kai ne za ka tuna mini da su? Ni na bi su gida gida." Ya juya. "Tanko! Tayar da mota."

Tanko yana tsugune a gindin taya yana duban sifirin. Mutum ne mai 'ya'ya bakwai, shekara shida yana cin abinci a motar nan. Ya miƙe a hankali.

"Ranka ya daɗe, a tayar a je ina?"

"Ikara, mana."

"To." Ya sosa ƙeya. "Sai dai in matsar da ita daga kan hanya tukuna, a sa itacen. Ga filin awon gyaɗa can, ƙasarsa a daidaice take."

Filin awon yana nan dab da hanya, da katangar ƙasa da ƙofar kwano mai faɗi, babu kowa ciki don kaka ba ta yi ba. Mai gadi ya buɗe. Tanko ya shigar da motar da giya ɗaya, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ni ina gefe ina kallon akwatin yana rawa. Da ta tsaya muka sa jak, muka jera guntayen azara a ƙarƙashin ƙarfen da ya lanƙwashe, muka tokare tayoyi da duwatsu. Aka sauke gishiri da raguna da gado.

Tanko ya zo wucewa ta kusa da ni yana goge hannu da tsumma. Ya sa mini tsumman a hannu. Makullin motar na ciki.

Ya ce a hankali, "Injiniya, ni ban ba ka kome ba. Ƙwacewa ka yi."

"Ƙwacewa na yi."

Ya fita yana ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, ka ga yaron nan! Ya fizge makulli!"

Baffa ya tsaya a bakin ƙofar filin, jama'a a bayansa. Bai shigo ba.

"Zainulabidin, kawo makullin nan."

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Ba zan kawo ba."

"Motata ce."

"Motarka ce. Ranar Litinin za a mayar maka da ita, ni zan gyara katakon da hannuna. Injin ne ba naka ba."

Ya gyara babbar rigarsa. Sannan ya ce, yadda kowa zai ji, "In na kwana ban ga injin nan a Saulawa ba, ɗakin da kake kwana a gidana ka nemi wani."

Goggo Lantana ta ce, "Akwai zaure a gidana. Yana yoyo, amma damina ta wuce." Ta ɗora ƙullinta a ka ta nufi inuwar da sauran fasinja ke jiran wata motar.

Na sa makullin a aljihu. Na karɓi kwaɗo a hannun mai gadi, na jawo ƙyauren kwanon guda, na jawo ɗayan. Ta 'yar kafar da ta rage ina ganin rabin fuskar Baffa.

Na ce, "Nan zan zauna da shi. Ba zai tsallaka rafin nan ba sai a kan tirela."

Na rufe ƙofar, na datse kwaɗo ta ciki.