Shago Na Biyu

Ni ba a taɓa zaunar da ni a aji ba, amma shekara arba'in da ɗoriya masu digiri suna cire agogonsu su miƙo mini hannu bibbiyu. Akwatina na gilashi yana ƙarƙashin matattakalar wani bene, a titin da ke zuwa tasha. Gobara ta cinye layinmu kaf, na fito da akwatin a ka, girata kawai ta ƙone. Mota ta kife da mu, mu goma sha ɗaya, ni kaɗai na tashi na karkaɗe riga. Likitoci uku sun taɓa cewa a kira 'yan'uwana, biyu daga cikin likitocin da ni aka raka su makwanci. Ina faɗa ne don ku san ba ƙaramin mutum ba ne ya yi abin da zan ba ku labari.

Jika ɗaya gare ni. Ubanta, ɗana, ya rasu tana aji uku na firamare, uwarta ta bi shi bayan shekara biyu, ya zama daga ni sai ita a ɗaki biyu na haya. Likita nake kiranta, don tun tana ƙarama take jera mini ƙwayoyin hawan jini a murfin kwalba, ta tsare ni da ido sai na haɗiye. Ita kuma Tsoho take ce mini. Karatun harhaɗa magunguna take so a jami'a, kuma kanta yana ja. Ni ta gado.

Da ta kai ajin ƙarshe na sakandare, makarantarsu ta kira iyaye a yi mana bayanin shiga jami'a da abin da za a kashe. Na sa rigata ta fita kunya. Na ɗaura wani agogon zinare da mai shi ya kawo gyara shekara tara bai dawo ba. Aka zaunar da mu a kujerun yara, gwiwata tana dukan teburi. Tela, maƙwabcina a layi, wanda 'yarsa ke aji ɗaya da Likita, ya dubi hannuna ya ce, "Mai agogo, yau kuma wa aka yi wa fashi?"

Na ce, "Wanda ya ɗinka maka wannan rigar shi ya yi fashin."

Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta tashi ta yi ta magana a kan ranakun jarrabawa da kuɗin rajista da na ɗakin kwana. Na ji farko, na ji ƙarshe. Tsakiyar ce ta wuce ni, don ina ba wani mutum a gefena labarin gobara, kuma ba a yanke labarin gobara a rabi.

Bayan nan aka ce kowane uba ya zo a cike masa takardar neman tallafin karatu. Likita ta matso za ta zauna kusa da ni, na ce ta jira a waje, maganar manya ce. Tela yana bayana a layi, numfashinsa a ƙeyata.

Ni na san takarda. Na tsaya wa mutane wajen karɓar rumfa, na tsaya wa direba wajen ɗaukar aiki, na tsaya wa wani a ofishin 'yan sanda. Duk inda aka ce kawo wanda zai tsaya maka, mai ƙarfi ake nema. Ka je a yamutse a kore ku ku biyu. Haka na san duniya, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Malamar ta ce, "Baba, mece ce sana'arka?"

"Harkar agogo."

"Shago gare ka?"

"Biyu."

Na ji Tela ya yi tari. Ban waiwaya ba.

"Gidan da kuke ciki fa?"

"Nawa ne."

Ta tambayi abin da nake samu a wata. Na faɗi abin da nake samu a zamanin da kowane ma'aikaci yake da agogo a hannu, kafin waya ta zo ta kashe mana kasuwa, na kuma ɗora wani abu a kai don ya yi kyan ji. Ta ajiye biro. Sabuwa ce a makarantar, ba ta san ni ba, sai rigar da agogon.

Ta ce, "Baba, ka tabbata? Wannan tallafin na masu ƙaramin ƙarfi ne."

Da ta faɗa a hankali, mu biyu, wataƙila da na gane. Amma ajin ya yi tsit, kowa ya ji. Na ce, "'Yata, dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai ƙaramin ƙarfi?" Ta ce Allah ya ba ni haƙuri. Na dangwala yatsa na fito ina taku ɗai-ɗai. A raina na ce gwaji ne, so suke su ga wanda zai iya riƙe yaro a jami'a.

Likita ta ce, "Tsoho, ya aka yi?"

Na ce, "An gama. Kakanki ya shiga wuri a ce ba a gama ba?"

Jarrabawa ta fito, ta ci. Takardar gurbi ta zo, harhaɗa magunguna, yadda take so. Na ɗauki takardar na zaga layi da ita rumfa-rumfa, har mai faci sai da ya wanke hannu ya taɓa.

Takarda ta biyu ita ta karɓa. Na dawo da la'asar na tarar da ita zaune a bakin gado, ba ta cire takalmi ba. Ta karanta mini da ƙarfi, a hankali, yadda take karanta mini takardar asibiti. Ba ta cancanci tallafi ba, saboda samun mai riƙonta ya wuce iyaka. An haɗo da kwafin abin da na dangwala wa yatsa. Sati uku aka ba mu mu biya rajista, in ba haka ba gurbin ya tafi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tsoho, ina shago na biyun? Nuna mini in je in share."

Na ce ai haka ake cike takarda, ita yarinya ce.

"'Yar Tela an ba ta," in ji ta. "Keken ɗinki ɗaya ubanta ya rubuta, da gidan haya."

Na kwashe agogunan akwatin na zaga da su. Masu sayen tsofaffin kaya suka juya su kamar tumatir, abin da suka taya ko kuɗin ɗakin kwana bai kai ba. Na zinaren ma ashe ruwan zinare kawai aka shafa masa. Ni da kaina na san haka, na dai manta da gangan.

Ran nan na sa rigar aiki mai tabon mai, na ɗauki rasit ɗin haya, na hau mota zuwa ofishin tallafin. Zaure ne mai benci huɗu da fanka ɗaya, ma'aikacin yana bayan gilashi mai 'yan huji. Na sunkuya na yi masa bayani ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Baba, ɗaga murya, ba na ji."

Benci huɗu cike da mutane. Ni da na fito daga wuta ban yi ihu ba, na buɗe baki na ce, "Ƙarya na yi. Ba ni da shago ko ɗaya, akwati ne a ƙarƙashin bene. Gidan haya ne. Batir nake canzawa da maɗauri. Yarinyar marainiya ce, ba ta da laifi."

Wata mata a bayana ta ce, "Allah sarki." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ma'aikacin mutumin kirki ne. Ya duba kwamfuta, ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito. Ya ce an rufe gyaran takardu kwana tara da suka wuce, an riga an raba kuɗin bana. Sai baɗi, kuma sai ta sake jarrabawa, don ba a ajiye gurbi. Shekara arba'in ina daidaita wa gari lokaci, na makara da kwana tara.

Ranar da 'yar Tela za ta tafi, jikata ce ta riƙe mata jaka har tasha. Ta gabana suka wuce. Tun ranar Tela bai sake tsokanata ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Yanzu tana tsaron kanti a wani shagon magani, tana miƙa abin da wasu suka rubuta. Har yau tana jera mini ƙwayoyi a murfin kwalba, sai dai ba ta tsayawa ta ga na haɗiye. Sau ɗaya na ce Likita, ta ce, "Bari, Tsoho." Na bari.

Da aka buɗe takardun bana, ni na fara isa makarantar, tun mai gadi bai buɗe ƙofa ba. Na karɓo na ajiye mata a kan teburi. Kwana goma sha biyu ba ta taɓa ba. Jiya da safe ta jawo kujera ta zauna gabana da biro.

"Sana'a?"

"Gyaran agogo."

"Shago nawa?"

"Babu."

"Gida?"

"Haya."

"Me kake samu a wata?"

Na faɗa. Ta ɗago ta dube ni, don ita ma ba ta san ya yi ƙasa haka ba. Ta rubuta. Ta kama yatsana da kanta ta sa a tawada ta danna, kamar mai tsoron in gudu.

Idona na dama ya fara hazo, ƙananan kusoshi suna ɓace mini. Karatun shekara biyar ne, na ci mata ɗaya. Na tsallake wuta da mota da likitoci uku, zan ga ranar da za ta gama. Haka na gaya mata. Ta ninke takardar ta ce, "Sha maganinka."