Suna na Huɗu a Bayan Littafin Zuma

Adaeze ta yi shekara shida tana aiki a wani ƙaramin ɗakin karatu a unguwar Hashimi da ke Suleja, wanda wani tsohon hedimasta ya kafa a gefen gidansa. A Suleja aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa, sai dai ba ta karanta Larabci ko ajami. Wannan ɓangaren na abokin aikinta ne, Kamaluddeen. Shi yake karantawa, ita kuma ta rubuta katin kowane littafi: abin da ke ciki, girmansa, da hannun da ya bi kafin ya iso wurinsu.

Da damina magadan wani malami suka kawo akwatin littattafan mahaifinsu kyauta. Yawancinsu bugun inji ne, amma a ƙasan akwatin akwai gafaka ta jar fata. Da Kamaluddeen ya buɗe ta sai ga littafin addu'o'i rubutun hannu, takardu warware ba ɗinki. Kowane babi ya fara da zayyana mai cike shafi guda, ja da rawaya da baƙi, layuka na saƙe da juna kamar aikin wuyan riga. Adaeze ta wanke hannu sau biyu kafin ta taɓa.

A shafin ƙarshe akwai sunaye biyar, kowanne da irin tawadarsa. Na farko ya ce shi ya rubuta littafin a Zariya. Na biyu ya ce ya sauko da shi kudu tare da iyalinsa. Na uku shi ne Mustapha ɗan Abubakar na Zuma, na biyar kuwa malamin da ya rasu. Na huɗu ne ya gagara.

"Hannun Mustapha ne, amma bai sa wasali ba," in ji Kamaluddeen. "Ra, mim, nun, sin. Bayansa ya rubuta 'amana'. Na juya shi ta ko'ina, ba sunan Larabci ba ne, ba na Hausa ba."

"To me zan sa a katin?"

"Ki sa ba a gane ba."

Adaeze ba ta son rubuta wannan kalma. Ta ce a je Zuma a tambaya, ko akwai wanda ya san gidan.

Ranar Asabar da safe suka hau mota. A bakin titi, wajen masu gasa masara, wata mata ta ce ba ta san wani Mustapha ba, amma su nemi Inna Jummai, ita ta fi kowa daɗewa a garin. Suka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, Dutsen Zuma na tsaye a bayan katanga. Bayan gaisuwa Adaeze ta durƙusa ta nuna mata hoton shafin farko a waya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kusurwar hoton, inda zayyanar ta ɗan dusashe.

"Nan babana yake riƙewa," ta ce. "Mustapha babana ne. Ina kuka samo wannan?"

Suka faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta ce ita da kanta ta ba malamin nan littafin bayan rasuwar mahaifinta, domin ɗalibinsa ne, kuma a gidan babu mai karatu kamarsa.

Kamaluddeen ya ce, "Inna, akwai suna ɗaya da ya ɗaure mana kai." Ya karanta mata haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Inna Jummai ta yi dariya har sai da ta ture kwanon gyaɗar.

"Ai Romanus ne, ɗana. Romanus kafinta."

Ta ba su labari. Tana 'yar shekara biyar mahaifinta ya tashi zuwa Makka a ƙasa. Bai so ya ɗauki littafin ba saboda ruwa da nisan hanya. Bai so ya bar wa 'yan'uwansa ba, domin ya san halinsu: kowa zai zare takarda ɗaya don tubarraki, kafin ya dawo babu abin da zai rage. Yana da aboki a cikin garin Suleja, lokacin ana kiran garin Abuja, wani mutumin kudu mai yin ƙofofi da kujeru, gidansa da rufin kwano. Shi ya kai wa. Romanus ya ce shi bai san abin da ke ciki ba. Mustapha ya ce ai shi ya sa ya kawo masa.

"Shekara takwas babana ya yi. Har an fara cewa ya mutu. Baffannina suka je wajen Romanus sau uku, ya ce wanda ya ba shi ne zai karɓa. Ranar da babana ya dawo ya ƙirga takardun a gabana, ko ɗaya ba ta ɓata ba. A ranar ya rubuta sunan nan."

Adaeze ta rubuta komai a littafinta. Sannan ta ce, a hankali, "Inna, idan kina son littafin ya dawo gida, zan yi wa mai ɗakin karatun magana."

"Ya dawo ina? Dubi ɗakina, 'yata. Gara ta cinye min tabarma biyu bana. Ku bar shi inda yake. Ni dai ina so in gan shi da idona. Kuma ku nemo min Rebeka, 'yar Romanus. A Garam ta yi aure. In tana da rai, ita ma ta gani."

Neman bai yi wuya ba. A cocin farko da Adaeze ta tambaya a Garam aka nuna mata gidan. Rebeka ta tsufa, tana dogara sanda, amma da jin sunan Jummai ta fara tambayar ranar tafiya.

Ranar Laraba da hantsi tsofaffin biyu suka haɗu a ɗakin karatu. Sun fi shekara talatin ba su ga juna ba, saboda haka gaisuwa da tambayar 'ya'ya da jikoki suka ci lokaci mai tsawo. Adaeze ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, Kamaluddeen ya riƙa juya takardun. Inna Jummai tana motsa leɓe, tana bin wasu addu'o'in da ka.

Rebeka ta sunkuya sosai a kan zayyanar.

"To ashe wannan ne," ta ce. "Baba ya yi masa akwati na musamman, ya ɗora a kan kabad. Wata rana na sauke shi na zauna a kai ina cin lemo. Dukan da na sha ran nan, har yau ban manta ba. Ni na ɗauka kayan auren mamana ne a ciki."

"Bai taɓa faɗa muku ba?" in ji Adaeze.

"Ya ce kayan mutane ne, shi ke nan. Ko shi bai taɓa buɗewa ba."

Kamaluddeen ya nuna mata haruffa huɗun. Ta ce ya sake nuna mata, ta bi su da ido daga dama zuwa hagu kamar yadda ya koya mata. Sai ta roƙi Adaeze ta tura hoton zuwa wayar 'yarta da ke Legas.

Da azahar ta gabato Inna Jummai ta ce ba za ta bar Rebeka ta koma Garam da yunwa ba. Adaeze ta tare musu keke napep a ƙofar gida, ta taimaka musu suka hau, suna ta musu a kan wadda ta girmi wata. Ita kuma ta koma ciki, ta ɗauko sabon kati, ta fara rubutu tun daga Zariya.